Tantance Labari da Sanin Al'adun Mutane Kafin Yanke Hukunci

Duk hukuncin da mutum zai yanke a kan wani, ko a kan wata al'umma, yana dogara ne da abu biyu: labarin da ya zo masa, da ma'anar da ya ba labarin. In labarin ƙarya ne, hukuncin ya lalace tun daga tushe. In kuwa gaskiya ne amma aka auna shi da mudun da ba na masu abin ba, ana iya zaluntar mutane ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Saboda haka tarbiyyar mai neman ilimi ba ta cika sai ya saba da tambaya biyu kafin ya buɗe baki: shin haka abin ya faru, kuma me yake nufi a wurin waɗanda suka yi shi? Matasan yau sun fi iyayensu bukatar wannan horo, domin labarin da ke shigowa wayar ɗalibin sakandare a yini guda ya ninka abin da kakansa kan ji a kasuwa da ƙofar masallaci.

Tantance labari tsohon fanni ne a ilimin Musulunci. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Malaman hadisi kuwa sun mayar da binciken ilimi mai ƙa'idoji. Suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shin su biyun sun yi zamani ɗaya har sun haɗu. Imamu Bukhari, wanda aka haifa a Bukhara a 810 ya rasu a 870, an ruwaito cewa ya shafe shekara 16 yana tace littafinsa daga ruwayoyi kusan 600,000, abin da ya shigar kuwa ya ɗan haura 7,000 ne har da maimaici. Abin da ya fi dacewa matashi ya ɗauka daga wannan fanni shi ne yadda malaman suka raba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa. Mutum yana iya zama salihi, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, amma a ajiye ruwayarsa don haddarsa ta yi rauni, ko ya tsufa ya fara cakuɗa magana. Ba su ɗauki wannan a matsayin cin mutunci ba.

Hikimar wannan rarrabewa tana bayyana ne idan aka lura da hannun da ƙarya kan biyo. Da wuya ta zo wa yaro daga maƙiyinsa. Kawu ne kan turo ta a zauren WhatsApp na dangi, ko yaya, ko wani malami da ake ganin girmansa, kuma duk da kyakkyawar niyya. Amma wanda ya turo saƙo shi ne na ƙarshe a sarƙar, ba na farko ba, kuma mutuncinsa ba ya wanke waɗanda suka gabace shi, waɗanda shi ma bai san su ba. Saƙon da ya fara da cewa wani babban likita ya ce, ko an ji daga majiya mai tushe, ba suna ba rana ba wuri, da malaman hadisi ne suka gan shi da sun ce isnadinsa ya yanke.

Sai dai bin sarƙar masu ruwaya kaɗai ba ya wadatarwa, kuma Ibnu Khaldun ne ya fi kowa fito da wannan fili. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kuma rubuta Muƙaddimarsa a 1377. A farkonta ya jero dalilan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi: son wani ɓangare, yawan amincewa da mai ba da labari, rashin gane manufar abin da aka gani, neman fada a wurin masu mulki, da kuma wanda ya fi ba muhimmanci, wato rashin sanin yadda al'amuran duniya ke gudana. A ganinsa, kafin a tsaya binciken wanda ya kawo labari, sai a fara duba ko abin da aka faɗa zai yiwu ma. Ya kawo misalin Mas'udi da wasu marubuta da suka ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Ya ce daular Farisa, da ta fi su girma da faɗi nesa ba kusa ba, ba ta tara ko kusa da haka ba a yaƙin Ƙadisiyya, kuma babu filin dagar da zai ɗauki irin wannan runduna ta jera sahu ɓangare ya san halin da ɓangare ke ciki. Bai ce Mas'udi maƙaryaci ne ba. Lissafi kawai ya yi.

Da an yi irin wannan lissafi a Najeriya a watan Agustan 2014, da an tsira daga wata masifa. Cutar Ebola ta shigo Legas a ranar 20 ga Yuli ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya, tsoro ya kama mutane. Cikin dare ɗaya sai saƙo ya karaɗe ƙasar cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana kare mutum. 'Yan'uwa suka riƙa tashin juna da waya tun kafin asuba. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu kimanin 20 a asibiti, domin gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini. Ita kanta cutar a Legas da Fatakwal ta tsaya, ta kama mutum 20 ta kashe 8, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙarshenta a ƙasar ranar 20 ga Oktoba. Jita-jitar ce ta isa garuruwan da cutar ba ta taɓa zuwa ba. Tambaya ɗaya ta isa ta karya ta: in da gishirin da ke kowane madafi yana maganin Ebola, me ya sa take ta kashe likitoci da ma'aikatan jinya a Gini da Saliyo da Laberiya?

Ba a Najeriya kaɗai ƙarya ke rigan gaskiya isa ba. A 2018 wasu masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun buga sakamakon nazarinsu a mujallar Science, bayan sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano cewa yiwuwar a sake tura labarin ƙarya ya fi na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne, ba na'urori ba, suka fi haddasa wannan rata. Dalilin da suka hango shi ne ƙarya takan zo da sabon abu, mai ban mamaki ko ban ƙyama, alhali gaskiya sau da yawa ba ta da armashi. Daga nan matashi zai iya ɗaukar ƙa'ida mai sauƙi: duk labarin da ya sa jininsa ya tafasa nan take, ko ya yi masa daɗi fiye da kima don ya kunyata waɗanda ba ya so, shi ne ya fi bukatar jinkiri. Labarin da ya saɓa wa ra'ayin mutum ba sai an ce ya bincika shi ba, da kansa zai nemi inda ya gurgunce. Wanda ya dace da abin da zuciya ke so shi ne kan wuce ba a tambaye shi takarda ba.

Hanyar binciken kanta ba ta da wuya. Sam Wineburg da Sarah McGrew na jami'ar Stanford sun gwada ƙwararrun masu bin diddigin labarai, da malaman tarihi, da ɗaliban jami'a, suka ba su shafukan intanet su ce wanne ne abin dogaro. Malamai da ɗalibai suka duƙufa a kan shafin suna duba tambarinsa da tsarinsa da kyan rubutunsa, da yawansu suka ruɗu. Ƙwararrun kuwa ba su daɗe a ciki ba. Sun fita ne suka je neman abin da wasu ke cewa game da masu shafin, suka kuma riga kowa gano gaskiya. Ma'ana, ba a tambayar mai labari ko shi mai gaskiya ne, wasu ake tambaya. Ɗalibi zai iya yin haka cikin minti kaɗan: ya kwafi jimla ɗaya daga saƙon ya nema, ya ga ko wata kafa da ta san za a iya kai ta kotu ta ɗauki labarin, ya duba kwanan wata, ya leƙa wurin masu wannan aiki irin su Africa Check da aka kafa a 2012, ko Dubawa da ta fara a 2018.

Hoto da bidiyo sun fi rubutu haɗari, domin an taso da cewa gani ya kori ji. A rikicin jihar Filato na watan Yunin 2018, hotuna masu tayar da hankali sun yaɗu a Facebook ana cewa daga wurin kisan suke, 'yan sandan jihar kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar. Binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, a Kongo-Brazabil ne, tun 2012. Bidiyon na gaske ne, bayanin da aka liƙa masa ne ƙarya, kuma wannan ita ce dabarar da aka fi amfani da ita. Manhajoji irin su Google Lens da TinEye suna nuna inda hoto ya taɓa fitowa a baya. Ko babu su, ido mai natsuwa yana iya duba lambar mota, da rubutun allunan shaguna, da kakin jami'an tsaro, da yaren da ake ji a bayan fage. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ta iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, jin muryar wani malami ko shugaba ba ya tabbatar da cewa shi ya yi maganar, sai an same ta a inda ya saba magana.

Rabi na biyu na aikin ya fi wuya, domin babu manhajar da za ta yi wa mutum shi. Ana iya tabbatar da cewa abu ya faru, a kuma yi masa mummunar fahimta. Ibnu Baɗɗuɗa, shahararren matafiyin nan ɗan Tanja, ya ƙetare Sahara daga Sijilmasa a 1352, ya isa Walata bayan tafiyar wata biyu. Aka gayyaci ayarinsu liyafa, aka kawo dakakken gero da ɗan zuma da nono a ƙwarya. Ya raina abin ƙwarai, har ya yanke cewa ba wani alheri da za a samu a wurin mutanen, ya yi tunanin juyawa. Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai gane 'yar'uwar fura ce aka ba shi, kuma ita ce abin da ya dace da cikin wanda ya fito daga hamada. Abin da ya gani daidai ya faɗa, fassarar ce ta karkace, domin da teburin sarakunan Dilli da Fas ya auna karamcin. Da ya zauna watanni a Mali zamanin Mansa Sulaiman, sai ga shi yana yabon amincin hanyoyinsu, da ƙin zalunci, da cikar masallatai ranar Juma'a, da yadda suke tsananta wa yara haddar Alƙur'ani.

Biruni ya bi wata hanya dabam tun shekaru 300 kafin haka. An haife shi a Khwarizm a 973, kuma zamansa ƙarƙashin Sarki Mahmud na Gazna ya ba shi damar cuɗanya da Indiyawa. Ya koyi harshen Sanskirit, ya karanta littattafansu, ya fassara wasu zuwa Larabci, sannan wajajen 1030 ya rubuta littafinsa a kan Indiya mai babi 80. Tsarinsa shi ne ya kawo aƙidarsu kamar yadda su suke faɗarta, ya bambanta abin da malamansu ke cewa da abin da talakawansu ke yi, ya kuma bayyana cewa hare-haren Mahmud na cikin abin da ya sa suke ƙyamar Musulmi. Bai bar addininsa ba, bai kuma fasa sukar abin da ya ga kuskure ne a iliminsu ba. Amma sai da ya san abin tukuna. Wannan jeri, sani sannan suka, shi ne abin koyi.

Ba sai an je Indiya ba. Baƙon da ya ga uwa Bahaushiya ko Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, zai iya cewa ba ta son sa, alhali alkunya ce. Wanda ya ji Bakatsine da Banufe, ko Bafulatani da Babarbare, suna jifan juna da baƙar magana zai zaci faɗa ne ya kusa, alhali wasan taubasantaka ne da ke kashe gaba, wanda hukumar UNESCO ta sa irinsa na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba mai ladabi ne a Kano, a makarantar Ingila kuwa ana iya cewa yana ɓoye wani abu. To in haka ake yi wa Bahaushe gurguwar fahimta, shi ma yana yi wa wasu. Saurayi Bayarabe da ya kwanta rub da ciki gaban mahaifinsa gaisuwa yake yi, kuma a cikin masu yin hakan akwai Musulmi masu ilimi. Ko da mutum yana da ja a kan siffar gaisuwar, wajibi ne ya fara sanin cewa girmamawa ake nufi. Shirin yi wa ƙasa hidima da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, bayan yaƙin basasa, an yi shi ne don irin wannan sanayya, kuma matashin da ya yi shekararsa a wata jiha bai koyi gaisuwar mutanen garin ba, bai halarci bikinsu ko zaman makokinsu ba, ya yi asarar rabin abin da aka tura shi nema.

Rashin wannan sanayya yakan kai ga jini. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da ke komawa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu aka ce masu garkuwa da mutane ne. Irin wannan hukunci na gungun mutane ya sha faruwa a Arewa ma, a kan wasu baƙin. Ko'ina aka yi shi, tsarin ɗaya ne: zargi ba bincike, baƙon da ba a san sana'arsa ko al'adarsa ba, da laifin wasu da aka ɗora wa duk mai kama da su.

Babu misalin da ya haɗa ɓangarorin biyu kamar rikicin rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an sa masa maganin hana haihuwa, Kano kuma ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da samo maganin daga Indunusiya. Zargin bai tabbata ba, kuma yara ne suka biya farashin: cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indunusiya. Amma waɗanda suka tsaya daga nesa suna cewa jahilci ne kawai, su ma ba su yi nasu binciken ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'ar da gwamnatin jihar ta shigar kuma ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Ga kuma tambayar da talaka ke yi, wadda ba ta wauta ba ce: me ya sa ake bin sa har gida da wannan magani kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama ɗansa sai ya saya? Tsoron yana da tushe, zargin ne ba shi da shi. Aikin bai miƙe ba sai da aka saurari mutane, aka shigo da sarakuna da malamai da masu unguwanni. A Najeriya an ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020.

Wannan misali ya kuma nuna cewa fahimtar al'ada ba amincewa da ita ba ce. Yankan gishiri da kaciyar mata suna cutarwa, kuma dokar tarayya ta 2015 ta haramta kaciyar. Amma ma'aikaciyar lafiyar da ta san abin da ungozoma da wanzami ke ƙoƙarin warkarwa, ta san tsoron da ke zuciyar kaka, ita ce za ta iya shawo kan gida. Wadda ta shigo da zagi za a ba ta tabarma da ruwa, a kuma ci gaba bayan ta tafi.

Koyar da waɗannan abubuwa ba ya bukatar sabon darasi a jadawali. Malamin Hausa ko na tarihi zai iya kawo saƙo ɗaya da ke yawo, ya sa ɗalibai su raba jimlolinsa gida uku: abin da mai saƙon ya gani, abin da aka gaya masa, da abin da ya zata. Zai iya ba su rahoton abu guda daga jaridu biyu su nemo abin da kowace ta bari. Zai iya tura su wurin maƙwabci ɗan wata ƙabila su tambayi yadda ake neman aure ko raɗin suna a garinsu, da sharaɗin su rubuta shi yadda in mutumin ya ji zai ce haka ne. Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne malamin ya yarda a tambaye shi inda ya samo magana, bai ɗauke shi raini ba. An ruwaito cewa Imamu Malik ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, har a zama guda ya faɗi haka a kan mafi yawan abin da aka tambaye shi. Ɗalibin da ya ga malaminsa yana haka zai daina jin kunyar jinkirta hukunci. Sai dai a kula kada a wuce gona da iri, domin yaron da ya koma cewa komai ƙarya ne, duk 'yan jarida sayayyu ne, duk likitoci 'yan kwangila ne, shi ma ya huta da bincike ne ta wata ƙofar.

Akwai kuma ladabin gyara. Idan babba ne ya turo labarin da aka gano ba haka yake ba, ba a ƙaryata shi a bainar jama'a. A same shi shi kaɗai, a ce, "Baba, na ga wani bayani a kan saƙon nan, ko za a duba," a bar shi ya janye da kansa. Idan kuwa matashin ne ya yaɗa, share saƙon a ɓoye bai isa ba, tunda wasu sun riga sun karanta sun tura gaba. Ya koma duk zauren da ya aika, ya faɗi cewa labarin bai inganta ba, ya haɗa da inda ya samo gyaran, ya kuma roƙi waɗanda suka tura gaba su bi sawunsa da shi.